Baƙin Kapo a Hanyar Tajaye

Asuba ta yi mana a bakin tashar Konni, mota ta riga ta yi zafi. Ni da wana ne, sai wata tsohuwa mai sayar da tukwane da ta roƙi mu rage mata hanya. Shukar fari ta mutu a ƙauyen uwarmu, can bayan Tajaye, kuma sun ci ragowar irin. Buhu shida na irin gero za mu ɗauko a wajen Malbaza mu kai musu kafin ruwa na biyu. In ruwa ya sauka babu iri, shekara ta tafi. Na ga yunwar da ta wuce da idona, na binne mutane a cikinta. Ba na son ƙari.

Sai na faɗi wani abu game da motar. Tsohuwar kat-san-kat ce mai buɗaɗɗen baya. Shekara biyu da suka wuce raƙumi ya murƙushe mata kapo, wato murfin inji. Wani mutumin arewa ya sayar mini da wani, ya ce a hamada ya tsince shi, inda motar tseren Turawa ta kife. Baƙi ne wuluk, da saƙa a jikinsa irin ta tabarma, ga shi ba nauyi, da hannu ɗaya nake ɗaga shi. Makanike ya ce sunansa karbon, zaren gawayi ne aka daskarar da ƙaro. Mai walda ya ce wutarsa ba ta kama shi, kuma ba ya son abin da wuta ba ta sani ba. Da zarto muka rage shi, muka huda, muka ɗaure da ƙusoshin ƙarfe. Damina biyu, hunturu biyu, bai yi tsatsa ba, bai lotsa ba, bai koɗe ba. Ƙusoshin ne nake ta canzawa, ban taɓa tambayar dalili ba.

Malbaza tana nan fari fat da ƙurar siminti, har awakinta. Muka loda buhuna, muka rufe da tampol, muka jera tukwanen tsohuwa a cikin ciyawa. A Tsarnawa muka karya kumallo. Ƙosai na dala biyar, guda huɗu, kowanne bai kai idon saniya ba. Wana ya ce mai ƙosan tana tsoron kada mu yi ƙiba mota ta kasa hawa tudu.

A nan tsohuwa ta zagaya gaban mota. Ta lanƙwasa yatsa ta ƙwanƙwasa kapon, yadda ake gwada tukunya a kasuwa. Ta saurara. Tsakiya ya yi ƙara mai kyau. Ta matsa wajen ƙusoshi, sai ƙarar ta mutu.

“Ɗana, wanga abu maye ne,” in ji ta.

“Inna, murfi ne.”

“Shi lahiya lau ya ke. Abin da ke riƙe da shi ya ka ci.”

Na ce ta hau mu tafi. Ta hau, ta ciro carbi tana ja.

Da muka miƙi hanyar Tawa gari ya sake. Gabas ta yi baƙi, iska ta tsaya cak. Gonaki hagu da dama babu kowa, sai ramukan shukar da ta mutu a jere. Ko tsuntsu babu. Yayyafi ya fara muna shingen jandarma. To kapon yana da wani hali: in ya jiƙe, rubutu na fitowa a gefensa, inda aka ɓamɓare wata takarda tun kafin ya zo hannuna. In ya bushe ya ɓace. Ni ban yi lakwal ba, wato boko, na ɗauka sunan kamfani ne. Jandarman ya sunkuya ya karanta, ya ɗago ya dube ni. Ya ce sunan mutum biyu ne, da irin jinin kowanne, saboda likita in an yi haɗari. Ya miƙo mini takarduna, bai nemi ko goro ba. Tun da nake tuƙi ban taɓa ganin haka ba.

Mun bar kwalta ke nan muka shiga jar hanya, sama ta fashe. Ba ruwa kaɗai ba, har da ƙanƙara, manya kamar goriba ƙanana. Sanyi ya shigo motar, haƙoran wana suna kaɗawa a watan zafi. Rufin mota ya lotsa, gilashi ya tsage, na ji tukwane suna fashewa a baya ɗaya bayan ɗaya. Ƙanƙarar na dukan kapon tana tsalle, ko tabo babu. Ban tsaya ba. Akwai ƙorama a gaba, ina so in haye kafin ta kawo.

Sai na ji tas, tas. Kapon ya miƙe tsaye a gaban gilashi. Duniya ta yi baƙi, ba na ganin komai sai rubutun nan biyu dab da fuskata. Na taka birki da ƙafa biyu. Mota ta ja, ta juya, ta tsaya. Iska ta fizge kapon ta yar gefe.

Sai na duba gaba. Hanya babu. Ruwan tudu ya riga mu, ya yanke gaɓar, rami ya fi tsayin mutum biyu, jan ruwa na tafasa a ciki. Tsakanin tayar gaba da bakin ramin taku uku ne. Na auna daga baya.

Babu lokacin salati mai tsawo. Tampol ya yage, ruwa na neman buhuna, inji kuma a buɗe. Murfi ɗaya, wuri biyu. Wana ya ce inji. Na ce iri. Inji in ya jiƙe yana bushewa, iri in ya jiƙe ya tsira a buhu ya ruɓe. Muka tara buhunan, muka kifa kapon a kansu, muka hau muka danne da jikinmu. Tsohuwa tana gaban mota tana kallonmu ta gilashin baya. Sanyin kapon ya ratsa ƙirjina kamar na rungumi gawa. Haka muka zauna har ruwa ya ɗauke.

Na duba ƙusoshin da suka karye. Wata huɗu da sa su. Na murza ɗaya, ya marmashe a hannuna kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Ramukan da suka fito daga ciki kuwa sumul, kamar jiya aka huda.

Bayan la'asar ruwa ya ja, mutanen ƙauye suka zo da amalanken jaki ta wata mahaya. Na zura hannu cikin kowane buhu har gwiwar hannu. A bushe. Uwarmu ta damƙi geron ta shinshina. Washegari gari duka yana gona. Tukwane uku suka tsira wa tsohuwa. Da za ta tafi ta ce in jefa abin nan a ƙorama. Na ce shi ya tsayar da mu. Ta ce, “Shi ya tsai da ku, shi kuma ya tcinke. Na hwaɗa maka.”

Kwana biyu inji yana shan rana kafin ya tashi. Muka dawo ta Illela da Badagishiri a hankali, kapon ɗaure da igiyar fata. A Konni makanike ya ce ya taɓa jin haka: karbon da ƙarfe in ruwa ya shiga tsakaninsu, ƙarfen ne ke mutuwa. Na ce tsohuwa ta riga shi, kuma ita ba ta karɓi kuɗin aiki ba.

Abin da na koyo kaɗan ne. Sanyi da ruwa ba sa yi wa wannan abu komai. In ka ga wani yana ƙyalli shekara da shekaru, duba wanda ke ɗauke da shi.

Ban jefar ba. Ƙarfe dai ba zai sake taɓa shi ba. Yau da safe raɓa ta sauka, sunayen biyu suka fito. Na tsaya na dube su. Ban goge ba. Na bari rana ta kwashe su, sannan na tada mota.