Tsanin Malam Matewere

Elifasi Matewere ya tsufa yana koyar da Turanci a wata sakandare da ke gindin dutsen Mulanje, kuma duk wanda ya bi ta hannunsa yana tuna darasi guda. Yakan ce Bature ba ya sakin "na sani" tsirara, sai ya sa mata riga: wataƙila ya sani, ya kamata ya sani, lalle ya sani, ba yadda za a yi ya sani. Ya jera su a allo kamar tsani, ya sa yara su hau su sauka har bakinsu ya saba.

Da abin ya tsaya a aji, da babu laifi. Amma Malam ya ɗauko tsaninsa ya kawo gida. A ƙauyen matarsa yake zaune, kamar yawancin magidanta a nan, kuma mijin da ya shigo cikin dangi ba ya so a ce daga bakinsa aka ji. In aka tambaye shi abu mai nauyi, sai ya ajiye Chichewa ya koma Turanci, inda akwai wurin laɓewa.

Abokinsa ɗaya ne, Lemani mai gyaran keke, mutumin bakin tafki daga Nkhotakota, wanda shi ma aure ya kawo shi. Da la'asar sukan buga bawo, darar ramuka ta ƙasar nan, a gindin mangwaro.

"Malam, wa ya kwashe mini 'ya'yan ramin nan?"

"Mai yiwuwa in sani."

"Ɓarawo da kwat! Kai ko sunanka aka tambaya sai ka ce a ba ka lokaci."

Lemani bai taɓa ɓoye burinsa ba. "Ku mutanen dutse ganyen shayi kuka iya, ba ku san kifi ba. Ranar da na ji alamar tafiya, ka jefa ni a mota. Kusa da uwata zan kwanta, inda ake jin motsin ruwa."

Da ciwon ciki ya kama Lemani, Malam ne ya raka shi asibitin mishan. Likitar Baturiya ce. Ta ga mai kwat, ta ja shi gefe, kuma ba ta taka tsani ko ɗaya ba. Ta ce ciwon ya cinye hanta, babu magani, in Lemani yana da inda yake son zuwa ya tafi yanzu da yake iya zama a mota.

Malam ya tsaya a baranda yana tunanin surukan Lemani, waɗanda za su ce shi ya kira wa mutum mutuwa, ya kuma raba 'yarsu da miji. Ya hango gindin mangwaro babu kowa. Wannan ma ya yi nauyi a ma'auninsa, in za a faɗi gaskiya.

"Me ta ce?" in ji Lemani.

"Ta ce ba za a iya sani ba tukuna."

"Elifasi, da harshen uwarka nake tambayarka."

Bai taɓa kiran sunansa ba sai ranar. Malam ya dubi ƙasa. "Nan gaba za mu iya sani. Ka dai sha maganinka."

Lemani ya yarda, domin Malam ne ya ji Turancin. Ya koma gida yana jiran sauƙi. Damina ta sauka, ƙafafunsa suka kumbura, kuma lokacin da kowa ya gani da idonsa, ko zuwa bakin titi ba a iya kai shi. Ɗaukar gawa zuwa tafki ya fi ƙarfin gidan. Aka binne shi bayan gonakin shayi, cikin surukansa.

Bayan an watse, yayar Lemani ta iso daga Nkhotakota, tsohuwa mai ƙunshin busasshen kifi. Ta sami Malam a ƙofar gida.

"Kai ne mai Turancin? Likita ta gaya maka?"

"Ta gaya mini."

"Yaushe?"

"Kafin ruwan fari."

"Lokacin yana tafiya da ƙafarsa."

"Yana yi."

Ba ta zage shi ba, da ma ta yi. Ta ce ya tashi ya nuna mata kabarin. Ta durƙusa, ta kwance bakin zanenta, ta ɗebi ƙasa ta ƙulle. Malam ya miƙa hannu zai riƙe mata kayanta zuwa tasha, ta ce ya bari, ta san hanya.