Ƙwayar Gahawa Biyu

Anatoli Kityo kafinta ne a garin Masaka, kuma har bayan da ya zama Babban Jarumi na Jaruman Coci, in ka gaisa da shi sai kantar hannunsa ta gurje maka tafi. Ubansa sana'arsa bugun ɓawon itace, irin wanda ake naɗe gawa da shi, yana kuma yi wa masu tsafi kiɗa in sun kira shi. Anatoli ne ya fara zama Katolika a gidansu, ya kuwa riƙe addinin da hannu bibbiyu. Rabin bencinan cocin unguwarsu shi ya ƙera su, bai karɓi ko sisi ba.

Abu ɗaya ya sa wa rai tun yana saurayi: baƙar alkyabbar jaruman nan mai jan gicciye, da takobi a kwiɓi. Jaruman ba su kai arba'in ba. Su ke raka Bishof, su ke kai marasa lafiya asibiti, kuma in ɗayansu ya mutu, ko matarsa, sai su jeru sahu biyu a ƙofar coci su haɗa takubba sama, a wuce da akwatin gawa ta ƙarƙashi. Sau ɗaya a shekara suke karɓar sabon mutum, ranar Lahadin da ke bin Ista. Mai nema ya zauna a baranda, su kuma a ciki a zagaya da ƙwarya rufe da ƙyalle, kowa da farin wake ɗaya da busasshiyar ƙwayar gahawa ɗaya a hannu. In an juye ƙwarya duk fari, an shiga. In gahawa ɗaya ta fito, a dawo baɗi. In biyu ce, an rufe ƙofa ke nan har abada. Kowa kuma ya yi rantsuwa ba zai faɗi wanda ya jefa me ba.

Babban Jarumi na lokacin shi ne Benedikto Kalanzi, jikan hakimi, mai gonakin gahawa, mutumin da ko gaisuwa sai ya auna ta kafin ya amsa. Shekara goma sha ɗaya Anatoli yana zama a barandar nan cikin farar rigarsa, shekara goma sha ɗaya gahawa ɗaya tana fitowa. Ba sai an yi duba ba kafin a san mai jefa ta. Kalanzi da kansa yake fitowa da labarin, yana murmushi.

"Ɗaya ce, kafinta. Allah ya kai mu baɗi. Af, ƙafar teburin nan na ciki tana rawa, ɗan duba mana kafin ka wuce."

Sai Anatoli ya naɗe hannun rigarsa ya shiga ya gyara teburin. Mutane suna yabon haƙurinsa. Ba haƙuri ba ne, ajiya yake yi.

Matarsa Perpetuwa ita ke goge masa rigar kowace shekara, tana yi tana zolayarsa.

"Baban Roza, ka bar musu abinsu mana. Takobi a hannun kafinta, katako za ka yanka da shi?"

"Ke dai goge wuyan da kyau."

"Na goge. In sun ƙi ka ma, ka dawo, akwai ayaba da miyar gyaɗa. Ni dai ban jefa maka baƙa ba."

A shekara ta tara ta rasu. Shi ya ƙera akwatinta da hannunsa, aka fito da ita daga coci ƙofa fayau, babu sahu, babu takobi ko ɗaya, don ba matar jarumi ba ce. Kalanzi ya aiko da nonon ayaba guda da gaisuwa a bakin direba. In maye ya ci ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba. Daga ranar Anatoli ya daina son alkyabba don Allah, ya koma sonta don Kalanzi.

A shekara ta goma sha biyu aka kwantar da Kalanzi a Kampala za a cire masa yanar ido, aka juye ƙwarya duk fari. Anatoli ya shiga. Ya yi aiki kamar jaki: shi ne rufin ɗakin shan magani na ƙauye, shi ne ɗaukar tsofaffi a bayan motarsa ta katako, shi ne farkon zuwa kowace jana'iza. Da tsufa ya sauke Kalanzi daga kujera, wani ya ɗan riƙe, sannan matasan jarumai suka zaɓi Anatoli. Kalanzi ya koma zama a gefe da sandarsa, amma yana nan da ƙuri'arsa, don jarumi ba ya murabus sai mutuwa.

Anatoli bai taɓa shi ba. Yana gaishe shi da rusunawa, yana sa a ajiye masa kujera mai taushi. Ya san abin da yake jira, don Kalanzi ɗa namiji ɗaya gare shi, Ignatiyos, shugaban makarantar sakandare, kuma duk garin an san burin dattijon bai wuce ya ɗaura wa ɗan nan takobinsa da hannunsa kafin ya mutu ba. Ignatiyos mutumin kirki ne, shi ya koyar da Roza 'yar Anatoli lissafi, bai taɓa yi wa kowa kallon banza ba. Anatoli ya san da haka, bai kuma dame shi ba.

Da sunan Ignatiyos ya shiga takardar masu nema, sai ga Kalanzi an sauke shi daga mota a ƙofar shagon kafinta, wurin da bai taɓa takawa ba. Shekararsa tamanin da takwas, yana dogara sanda.

"Babban Jarumi," ya ce, "yaya za mu yi da maganar yaron nan?"

"Ai ƙwarya ce ke magana, Baba, ba ni ba. Ku kuka koya mana."

"Kada ka yi mini wasan yara. Shekara nawa ka yi niyyar tsare shi a waje?"

Anatoli ya hure garin katako daga kan allon da yake gogewa.

"Allah dai ya ja kwananka, Baba. Kullum ina sa ka a addu'a."

Gaskiya ya faɗa. Yana roƙon Allah ya ba dattijon shekara goma sha ɗaya cur, da lafiyar ido da ta kunne, don ya ga kowace ƙwaya ya kuma ji kowane "Allah ya kai mu baɗi". Gahawa ɗaya duk shekara, ba gaggawa.

Ranar ta zo. Bayan an tashi daga coci jarumai suka shiga ɗakin taro da rana tsaka, aka ɗauko Kalanzi a kujera aka ajiye shi kusa da tebur. Ƙwarya ta zagaya. Anatoli ya zura hannu ƙarƙashin ƙyalle ya saki gahawarsa, ya ji wani sanyi ya ratsa shi har tafin ƙafa. Magatakarda ya juye ƙwaryar a kan farin zane, ya baza waken da yatsa, sai ya tsaya. Gahawa biyu ce.

Kalanzi ya yafito Anatoli da yatsa, ya jawo kunnensa kusa da bakinsa.

"Ɗaya tawa ce. Jinin Kalanzi ba zai yi ta zarya a ƙofar kafinta ba. Sai ka nemi wani abin wasan."

Anatoli ya miƙe, zuciyarsa tana tafasa. Shekara da shekaru yana girka abu, tsoho ya sa ƙafa ya kifar da tukunyar, ya kuma zauna yana kallonsa da wannan tsohon murmushin. Aikin Babban Jarumi ne ya kai wa mai nema labari, don haka ya gyara alkyabbarsa ya fita.

Ignatiyos ya tashi tsaye, hularsa a hannu.

"Nawa ne, ranka ya daɗe?"

"Biyu."

Fuskar malamin ta sauya.

"Ɗaya na san da ita, na kuma zo da shirin ɗaukarta. Na san abin da aka yi maka, ban ga laifinka ba. Ko shekara ashirin ce ma da na jira. Amma ta biyun, wa na yi wa laifi?"

Rantsuwa tana kan Anatoli, ya kuma tuna da ita sarai. Ya waiwaya ya ga ana fito da dattijon a kujera, kansa a sama.

"Ba a faɗa, malam. Amma in ka sa mahaifinka a mota, ka tambaye shi dalilin da ya sa farin wakensa yake aljihunsa har yanzu."

Ignatiyos ya dubi ubansa. Uban ya dubi Anatoli, murmushin ya zube. Ba wanda ya laluba aljihun kowa, babu buƙata. Malamin ya sa hularsa, ya ce wa direba ya kai Baba gida a hankali, shi kuma ya kama hanya da ƙafa. Kalanzi ya kira sunansa sau uku da muryar da ba ta kai bakin ƙofa ba.

Wata huɗu dattijon ya yi yana aike, ɗan bai zo ba, har tsohon ya cika. Anatoli ya ji daɗi, ba ƙarya, daɗin da bai taɓa jin irinsa ba.

Bayan jana'iza ya je wurin Fada, limamin cocinsu, ya durƙusa ya furta cewa ya karya rantsuwa. Fada ya tambaye shi ko ya yi nadama. Anatoli kafinta ne, bai saba cewa katako ya miƙe ba alhali ya karkace. Ya daɗe a durƙushe, sannan ya tashi ya fita ba tare da an yi masa gafara ba.

Shekara shida ke nan. Yana nan a kan kujerarsa, ƙungiya ba ta taɓa yin shugaba mai aiki kamarsa ba. Amma duk Lahadi in jarumai suka tashi sahu-sahu zuwa karɓar jibin Ubangiji, sai su ɗan karkace su wuce ta gaban gwiwoyinsa, shi kuwa yana zaune, don wanda ba a yi wa gafara ba ba ya karɓa.