Ƙyallayen Yaya Illa

Ku matan unguwarmu kun san shi. In Yaya Illa ya tsaya gaishe ki, ba fuskarki yake kallo ba, bakin zanenki yake kallo. Reza na aljihu. Kina cikin "lahiya lau", shi har ya duƙa.

Duk saboda tsohon kamiyon da Baba ya bar mana, wanda ke kai mu kasuwar Takanamat da kayanmu. Makon jiya saura ƙiris a sayar da shi, kuma tun ranar na kasa zama wuri guda, shi ya sa na ɗauki biro.

Wayoyin motar nan duk baƙaƙe ne. Naɗi guda Yaya ya saya tun ina budurwa, ya rantse ba ya sayen wani sai ya ƙare. To ta ina zai gane ta fitila daga ta tada mota? Sai ya riƙa ɗaura wa kowace ƙyalle. Ƙyallen wa? Namu!

Bikin ɗiyar Hajiya Tsahara muka yi anko, ja mai tsuntsaye. Na wanke nawa na shanya, na dawo na tarar an yi masa kaciya. Na sami Yaya ƙarƙashin mota.

"Yaya, mi na yi maka?"

"Wayar kilakson, mai paaam ɗin nan, nika ɗaure ma. Na duba garin ga duka, ban ga mai bakinki ba."

Kai, Yaya!

Bayan watanni ya manta, ya yanki na Hajiya Tsahara ya ɗaura wa wayar fitilar birki. A lokacin dinamo ya tsufa, fitilu sun koma kamar idon mai zazzaɓi. Shekara uku direbanmu Atto na roƙon a sa alternater, sabon abin cajin batir. Yaya ya ce dinamon ya girme Atto, ya riƙa gaishe shi. Ranar da ya yarda, ya kwance rabin wayoyin. Wajen mayarwa ya ga ja nan, ya ga ja can, ya haɗe su.

Daga Tawa har Bambeye, duk ramin da Atto ya taka birki, sai paaam! Ya dawo kunnuwa na kuka.

"Malam Illa, mota ta haukace!"

"Da gangan na yi. Ka taɓa ganin jaki na duba hitilar baya?"

Har ya mutu bai gyara ba.

Ina da jikoki biyu na shiga karatun manya. Ranar da hannuna ya faɗa, na nufe shi da littafi ina taƙama.

"Kawo in rubuta maka kowace waya."

"Takarda? Akuya na cin ta."

"Ƙyalle ma tana ci!"

"Shi as sa anka yi ma inji marufi."

Bayan sadakar arba'in ɗinsa mota ta ƙi tashi. Mazan gida suka ce in ba ta tashi ba kafin ranar kasuwa, masu tsohon ƙarfe su zo su ɗauka. Mu kuma mu ɗora albasarmu a ka ke nan? Suka kawo mai gyara da abin awonsa. Ya buɗe, ya leƙa, ya ja baya.

"Hajiya, wagga ba mota ba ce, shagon tela ne."

Na sha ɗamara na hau taya.

"Matsa. Shuɗi mai ganye, na sunan Rakiya, tada mota. Kore, hitilar gaba. Auna!"

Yana aunawa ina faɗa, har azahar. Wuta na zuwa ko'ina, mota shiru. Ya share gumi ya ce saura guda, wadda suke kira mas, mai mayar da wuta jikin ƙarfen mota. In ta saki, duk sauran banza ne. Ni kuwa ban taɓa jin Yaya ya ambace ta ba.

Na cusa hannu ƙarƙashin batir ina lalube. Na ji waya mai kauri, tsatsa ta cinye bakinta. Na jawo ta haske. Ƙyallen baƙi ne, na rini, saƙar hannu. Zanen Inna. Wanda muka nema har muka gaji bayan rasuwarta, shi yana zaune yana taya mu zargin ɓarayi.

Na nuna wa mai gyara wayar. Aka kankare, aka ɗaure, Atto ya murza. Ta yi tari biyu ta tashi. Ya taka birki: paaam!

Mai gyara ya ce, "Bari in raba jajayen ga."

"Taɓa ka gani!"

Yaya, jiya mun je kasuwa mun dawo, jakuna duk sun ba mu hanya. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sada ka da Inna. Ita ka yi mata bayani da kanka. Nawa zanen na yafe.