Kwalin da ke Ƙetare Kogi

Ƙanena Badaru ba ya sayen abin da bai riƙe a hannu ba. Haka babanmu ya koya mana a kasuwar Malanville: buhun albasa sai ka zura hannu har ƙasa, don ta sama kullum kyakkyawa ce. Ni na gaji albasar, shi kuwa ya buɗe rumfar kaset a layin masu rediyo. Kaset ya mutu ya koma sayar da faifai, daga nan ya sayi na'urar wasan ƙwallo da tele, wato talabijin, ya zama magidanci mai furfura a gemu da ke yi wa 'yan ƙwallon da ba su da rai ihu. Na yi faɗa har na gaji. In ka ga yadda yake ɗaga faifai ga rana yana neman karce, yana goge shi da ƙyallen da ko matarsa ba ta isa ta taɓa ba, sai ka ce jariri aka miƙa masa.

Amininsa Mati tela ne a Gaya, can ƙetaren gadar kogin da ta raba ƙasarmu da tasu. A ruwa suka san juna, ranar da jirgin 'yan biki ya kife da su kusa da Garou suna samari. Masunta suka tsamo su riƙe da rigar juna, kuma tun ranar kowannensu ya rantse ba shi ba jirgi.

Suna da al'adarsu. Duk washegarin babbar Sallah Mati zai hau babur ya ƙetaro gada, su zauna a benci ɗaya a rumfar Badaru su buga wasa guda. Wanda ya ci shi ke tafiya gida da faifan, a rubuta sakamakon a cikin kwalinsa. Faifan kan canja in sabo ya fito, amma kwalin ɗaya ne tun farko. Layi goma sha huɗu ke ciki, bakwai na Badaru, bakwai na Mati, kuma kwalin yana Gaya.

Sai hukuma ta rufe iyaka, aka rufe gada. Badaru ya ce abin sati biyu ne. Wata ya bi wata, Sallah ta matso, gada shiru. Mutane na ƙetarewa a jirgi, amma waɗannan jarumai biyu ko bakin ruwa ba sa zuwa. Ina gani ƙanena ya daina dariya, don a shekara goma sha huɗu wasan nan bai taɓa fashi ba.

'Yarsa Husna, wadda ke karatu a Parakou, ta dawo hutu ta same shi haka.

"Baba, ai yanzu ba sai da hwaihwai ba," in ji ta. "Ka biya ta waya, wasan shi sauko cikin na'ura. Kawu Mati ma shi yi hakanan, ku buga kowa na garinshi."

"In sayi iska ke nan? In na gaji da shi, wa zan saida ma? Wa zan ba aro?"

"Ba a saidawa, ba a ba da aro. Amma ba shi karcewa, kuma ba ruwanshi da duwan masu binciken kaya a iyaka."

Ya kaɗa kai ya ce shi ɗan kasuwa ne, ba ya ciniki da abin da ba shi da kwali. Ni kuwa na san inda ke masa ƙaiƙayi. Na ce, "Kai dai ka ce tsoron Mati ka ka ji." Ko minti biyar ba a yi ba ya miƙa wa Husna wayarsa. Da ta ce an gama biya, sai ya tsaya yana kallonta yana jiran a ba shi wani abu a hannu.

Rezon intanet na rumfarsa ba shi da ƙarfi, don haka aka ɗora na'urar da telen a kan zem, babur ɗin haya, zuwa sibar ɗin Sumaila, shagon intanet da ke kusa da ofishin duwan. Kwana biyu Badaru na zaune yana kallon wani ɗan layi yana cika a hankali, kamar mai jiran tukunyar wake. Ya kai casa'in cikin ɗari sai aka ɗauke kuran, wutar lantarki. Mutumin nan ya ɗora hannu a ka ya ce shi ke nan, duk abin ya zube. Da wuta ta dawo layin ya ci gaba daga inda ya tsaya, har rawa ya taka a gaban mutane. Da safiyar Sallah ya cika, da kyar muka janyo shi zuwa yankan rago.

Washegari bayan la'asar sibar ɗin ya cika har titi, 'yan zem da 'yan dako da maƙwabtan rumfa. Ni ma na je, wai nama na kai wa Sumaila. Aka kira Mati aka buɗe muryar waya.

"Badaru, ka shirya kuka?"

"Ka dai share kwalina da kyau, tela."

Mati ya fara ci, Badaru ya rama. Mati ya ƙara, Badaru ya sake ramawa yana zufa kamar mai dako. Saura kiris a tashi, ɗan wasan Badaru ya kuɓuce ya fuskanci mai tsaron gida, ya ɗaga ƙafa, sai hoton ya daskare. Da rezo ya dawo, ƙwallo na cikin raga. Ban san lokacin da na yi guɗa ba, ni da na shekara goma sha huɗu ina zagin wasan nan.

Badaru ya yi tsalle yana dariya, ya juya dama ya miƙa hannu kamar yadda ya saba, don a ɗora masa kwali. Babu kowa a rabin bencin. Ya daɗe hannunsa a miƙe, sannan ya mayar da shi aljihu. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Bayan kwana huɗu wani masunci ɗan Garou, Ɗangana, ya shigo rumfar da ƙunshi a leda, an naɗe shi da guntayen yadin tela. Kwalin ne. Badaru ya buɗe. A layi na goma sha biyar Mati ya rubuta "Badaru 3, Mati 2". A ƙasa ya riga ya ja layi na goma sha shida, babu sakamako, sai kalmomi kaɗan: "A bencinka, in Allah ya so."

Badaru ya ciro tsohon faifan ya ɗaga ga rana, ya goge shi da ƙyallensa, ko da yake ba sauran abin da zai yi da shi. Har yau in ya zauna buga wasan da ya sauko ta iska, gefen hagu na bencin yake zama, kwalin kuma a dama.