Shimfiɗar Kwalekwalen Baba Mai Taru

Shekara talatin da bakwai Baba Mai Taru yana su, kuma in ka cire kwanakin jego da na zazzaɓi, bai taɓa tura kwalekwale ba tare da matarsa ba. Shi yana jefa taru, Inna tana durƙushe a tsakiya tana kwarfe ruwa, tana ware kifi, tana yi masa faɗan ya jefa inda babu komai. Ko sau ɗaya bai taɓa cinye ta a gardama ba, kuma wallahi bai rame ba.

Bara ne santsi ya kwashe ta. Yauƙin kifi ya haɗu da jiƙaƙƙen katako, ta buga gwiwa a gefen jirgin. Ta warke, amma ta ce ita da ruwa sai na randa. Baba ya ci gaba da fita shi kaɗai. Kifi yana samuwa, sai dai shirun ya ishe shi, kewa ta hana shi sakat.

'Yarsu ta kawo kafet ɗin falonta, ja mai laushi, aka shimfiɗa a cikin jirgin don maganin santsi. Kwana uku ya sha ruwa ya ƙoshi, ƙugiyoyi suka maƙale a ciki, ƙarni kuwa har kuliyoyin unguwa suka riƙa yi wa Baba rakiya. Inna ta yi dariya har da hawaye, amma ba ta shiga ba.

Sai ya tafi shagon mai kafet da bokitin ruwa da tarwaɗa guda.

"Baba, lafiya? Ba a cinikin kifi a nan," in ji mai shagon.

"Fito min da guntayenka, ɗana. In ban saya ba ka riƙe tarwaɗar."

A bakin ƙofa ya jera su, ya kwara ruwa, ya goga musu kifin, ya riƙa taka su ɗaya bayan ɗaya. Leda ta kusa kai shi ƙasa. Darduma ta shanye ruwan tas. Can aka jawo wata baƙar roba mai huji-huji, kauri kamar tafin takalmi. Ruwa ya tsiyaye ta ƙasa, ƙafa ta kama. Baba ya tattare wando ya durƙusa a kai, ya daɗe bai tashi ba.

"Ai a tsaye kake aiki, Baba."

"Ba ƙafata na zo auna wa ba."

Ya yanka ta daidai cikin jirgin, ya ninka biyu a tsakiya. Bai ce wa Inna uffan ba, don ya san halin kayarsa.

Da safe ta raka shi bakin ruwa kamar kullum. Ta leƙa.

"Wannan baƙin abin fa? Muni sai ka ce mai shi."

Ta danna da hannu. Ta sa ƙafa ɗaya ta murza, ta sa ta biyu. A hankali ta durƙusa inda ya ninka.

"Ka yanka shi a karkace," ta ce. Ta jawo gwangwanin kwarfar ruwa. "To, tsayuwar me kake yi? Tura mana. Kuma kada ka kai ni inda ka saba, babu komai a can."

Daɗi ya cika Baba. Ya tura.