Malam Jibo Mai Awon Iska da Takwas Ɗin da Ta Ci Aikinsa

Haihuwa da karatu

An haifi Malam Jibo a 'Yankuzo a shekarar 1959, mahaifinsa Malam Yazid, mahaifiyarsa Tambaya. Ya yi firamare a Tsafe, sannan ya koyi awon yanayi a Gusau.

Aiki da iyali

A 1982 aka ɗauke shi a wata gonar gwaji da ke Bungudu, aka damƙa masa na'ura mai kofuna uku da iska ke juyawa. Kullum da hantsi yakan rubuta gudun iska da mita a daƙiƙa, kamar yadda aka koya masa, kuma a saman kowane shafi sai ya sa wannan ma'auni da jan biro. A 1985 ya auri Delu, Allah ya azurta su da 'ya'ya huɗu.

Feshin 2014

A damanar 2014 ya rubuta takwas. Sabon shugaban gonar, mutumin da ko leƙa saman shafi bai yi ba, ya ɗauka kilomita takwas ne a awa, wato iska mai sauƙi, ya ba da umarnin fesa maganin ciyawa. Alhali takwas ɗin Malam, mita a daƙiƙa, ta kusa kilomita ashirin da tara a awa. Iska ta kwashi maganin ta ƙone waken maƙwabta. Aka ce Malam ne ya yi ƙarya, aka kore shi kamar ɓarawo, bayan shekara talatin da biyu.

Wanke suna

Shi ya bar wa Allah, Delu kuwa ta ƙi. Ba ta san ko baƙi ɗaya na karatu ba, amma ta san mijinta. Shekara tara tana yawon ofisoshin Gusau da littafin awonsa a ƙulle cikin zane, har 'yarsu Wasila ta zana ma'aunan biyu gefe da gefe, ta shafa ja a inda feshi ya haramta. Delu ta dangwara takardar gaban kwamitin bincike ta ce, “Ni da ban yi boko ba na ga ja. Ku me ya hana ku gani?” A Maris 2023 aka rubuto cewa ba shi da laifi. Alhamdu lillahi.

Rasuwa

Ya rasu ranar Juma'a cikin Nuwamban 2023, aka yi masa sutura a 'Yankuzo, kuma waɗanda wakensu ya ƙone na cikin masu ɗaukar makara. Ya bar Delu da Salisu, Wasila, Khalid da Sadiya. Allah ya jiƙansa. Wanda ya ƙi duba saman shafi kuwa har yau bai zo gaisuwa ba.