Dutsen Wasa Askar Tomie

Duk unguwar an san Tomie Kuwabara da abu biyu: kaifin askarta da rashin iya zamanta. Ko shayi a tsaye take shan sa. Tana da shekara goma sha tara ta shiga shagon aski tana sharar gashi, daga baya ta auri mai shagon, Masuji. Shi ya ɗauki gemun maza, ita ta ɗauki mata, tana aske musu gashin fuska da na ƙeya. Wasa aska kuwa aikinsa ne, a kan wani dogon dutse mai ruwan ƙasa da aka haƙo daga tsaunukan bayan Kyoto. Da ya rasu, wasan ya dawo hannunta.

Shekara tara tana yi, sai wata safiyar Laraba cikin sanyin Janairu ta tarar da dutsen ya rabe biyu. Jiya ta manta ba ta goge shi ta naɗe a tsumma ba. Ta bar shi jiƙe bakin taga, ruwan da ya sha ya daskare a cikinsa, ya fasa shi.

Ga shi ranar Lahadi 'yan mata takwas za su zo a gyara musu ƙeya, domin washegari za su sa kimono, rigar gargajiya, su tafi bikin cika shekara ashirin. Wuyan rigar a buɗe yake ta baya, kowa ƙeyar yarinya yake kallo. Askar da ta dakushe kuwa ja take yi, ta bar fata ja-wur.

Ta haɗa gutsattsarin, ta raba, ta sake haɗawa. Ta kira 'yarta a Osaka, 'yar ta ce ta sayi rezar yarwa kamar kowa, ta huta. Tomie ta kashe wayar ba sallama. Ta naɗe gutsattsarin da askar a ɗankwali, ta hau bas ɗin tsauni. Da kujeru a buɗe, amma a tsaye ta isa.

Ukai, mai sayar da duwatsun wasa, tsohon abokin mijinta ne. Ya ga ɗaurin, ya gan ta, ta kwance masa gutsattsarin a kan kanta.

“Irinsa nake so, Ukai-san. Tsawonsa, faɗinsa, komai.”

“Ki zauna tukuna, Tomie-san.”

“Da zama na zo yi, da na zauna a gida.”

Ya ce babu laifi, akwai manya. Ya nuna mata uku a kan kanta, kowanne ya kai tsawon kamu guda da rabi, sai dai masu yanka kifi da kafintoci ke sayen su. Ta ɗaga ɗaya da hannu biyu, ta ajiye, ta zaga, ta dawo ta sake ɗagawa. Shi kuwa gutsattsarin yake dubawa. Ya ɗora ƙarfen awo a kansu ya kira ta. Haske na wucewa ta ƙarƙashin ƙarfen a tsakiya kawai, inda dutsen ya lotsa, wuri ɗan kaɗan kamar tafin hannu. Bakunan biyu suna nan tsaf kamar yadda Masuji ya bar su. Ya ce mijinta dogon hannu gare shi, yana jan aska daga wannan baki zuwa wancan. Ita kuwa shekara tara a tsakiya take kai da komo, shi ya sa a 'yan kwanakin nan take daɗewa kafin kaifi ya zo.

“Wa ya ce maka ina daɗewa?”

“Dutsen ne ya kawo ƙararki.”

Ya jawo wani akwati daga ƙarƙashin kanta, cike da ƙananan duwatsu marasa siffa, ragowar da ake samu in an yanka manya. Ranta ya ɓaci. Ta ce ita ba almubazzara ba ce, amma ba za ta ajiye ɓaraguzai a inda dutsen mijinta ya zauna ba. Me mutane za su ce in sun leƙo? Ukai ya ce su ƙeyarsu suke kawowa, kuma ƙeya ba ta da ido.

Ya zaɓi ɗaya mai tsawon tafinta da ɗan ƙari, ya ce kada ta ajiye shi a tebur, ta riƙe a hannun hagu. Ya ɗiga ruwa, ya goga wani ƙaramin farin dutse a kai har laka ta tashi. Ta ɗora askar tana gunaguni: gugi bakwai a fuskar askar ɗaya, uku a ɗayar. A zagaye na biyu gunagunin ya tsaya. Tafinta yana jin tafiyar ƙarfen ta cikin dutsen, in ta danna da yawa hannun ya sauka da kansa. Ta ce dutsen ya yi mata faɗi kaɗan, babban yatsanta ba ya kama gefen. Ya canza mata. Wannan kuma ya yi nauyi. Sai da suka kai na biyar.

“Juya,” ta ce.

“Ni?”

“Akwai wani mai ƙeya a nan ban da kai?”

Ya juya yana cewa in ta yanke shi, ta gaya wa matarsa da bakinta. Ta shafa masa ruwan ɗumi daga butar shayi, ta ja fatar da yatsu biyu, ta saukar da askar. Furfurar ta zubo a kafaɗarsa babu ko ƙara. Ta jawo shi bakin ƙofa ta duba a haske, ta shafa da bayan hannu. Babu ja, babu ƙwarzane.

Ya ce ta tsaya ya yi wa gefen dutsen da gindinsa fenti don kada ruwa ya shige shi, kwana biyu zai bushe. Ta ce sai bayan biki za ta dawo da shi. Ta cusa shi cikin rigarta, ta fita tana duba lokacin bas, ta bar Ukai da rabin ƙeya a aske.